Bashin Karatu a Amurka: Kada Ki Sa Hannu a Takardar Banki

Wata 'yar'uwa da ta nemi a sakaya sunanta ta rubuto daga Bronx:

"Anti, barka da war haka. Ni nas ce a wani asibitin gwamnati a birnin New York. Aure ne ya kawo ni ƙasar, a nan na yi karatun jinya da bashin gwamnatin tarayya, na fara aiki farkon 2019. Yanzu bashin da ruwansa ya kai dala 80,000. Tun farko aka ce mini in na biya sau 120 ina aikin gwamnati za a yafe mini sauran. Na kusa shekara bakwai a wurin, amma da na duba shafina sai na ga 60 kawai aka ƙirga, kuma ya fi shekara bai motsa ba. Ga wani kamfani mai tura nas-nas asibitoci ya yi mini tayin aiki, albashinsa ya fi nawa nesa. Maigidana ya ce in karɓa, mu mayar da bashin wani banki mai sauƙin ruwa, mu biya da wuri mu huta. Ya ce ba ya son in mutu da bashin riba a wuyana, kuma yafiyar ma yana ganin kamar cin haƙƙin jama'a ce. Ginin mahaifiyata a Zariya ya tsaya a linta, ƙannena biyu suna jami'a. Na gaji, Anti. Me zan yi?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar marasa lafiya da ta iyaye. Na ji gajiyarki, kuma za mu zo kanta. Amma bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ki sa hannu a takardar bankin nan. Ko wace shawara za ki yanke kan aiki, wannan dai ki bar ta. Duk abubuwan da kika lissafo ana iya gyara su daga baya, ban da wannan ɗaya. Ranar da banki ya biya gwamnati ya ɗauki bashinki, ya tashi daga bashin gwamnatin tarayya ya zama na 'yan kasuwa, kuma babu wata hanyar mayar da shi. Biyan nan 60 da kika tara sun tafi ke nan. Kamar mai adashe ce da ta zuba rabin zubi ta ce ta fasa, ta bar wa wasu kwasa.

Shirin da kike ciki sunansa PSLF, wato yafe bashin karatu ga masu aikin al'umma. Majalisar Dokokin Amurka ce ta kafa shi a 2007, Shugaba George W. Bush ya sa hannu. Manufarsa a riƙe malaman makaranta, ma'aikatan jinya, sojoji, 'yan kwana-kwana da irinsu a aikin al'umma, duk da albashin 'yan kasuwa ya fi tsoka. Sharuɗɗansa kaɗan ne amma ba sa sassauci. Bashin ya zama irin wanda ake kira Direct. Mai ba ki aiki ya zama gwamnati, ta tarayya ko ta jiha ko ta birni, ko ƙungiyar da ba ta neman riba wadda hukumar haraji ta amince da ita. Ki riƙa yin aƙalla awa 30 a mako. Biyan ya zama a ƙarƙashin tsarin da aka yarda da shi, galibi wanda ake auna shi da abin da mutum yake samu. In an cika wata 120 a haka, sai a shafe abin da ya saura, uwa da ruwa, kuma gwamnatin tarayya ba ta karɓar haraji a kan abin da aka yafe.

Na san dalilin da ya sa mutane irin maigidanki suke shakka, kuma ba su yi laifi ba. Da aka fara karɓar takardun neman yafiya a watan Oktoba na 2017, kusan 99 cikin kowane 100 aka mayar da su. Wasu bashinsu tsohon tsarin FFEL ne wanda bai shiga ba, wasu an ɗora su a tsarin biya marar amfani shekara da shekaru ba wanda ya gaya musu, wasu fom ne bai cika ba. Labarin ya bazu cewa abin yaudara ne, har yau kuma yana yawo a majalisun mutanenmu. Amma an yi gyare-gyare daga 2021, kuma zuwa Oktoba na 2024 waɗanda aka yafe wa sun haura miliyan ɗaya, alhali kafin gyaran ba su wuce 7,000 da wani abu ba. Ki faɗa masa wannan, domin labarin da ke hannunsa tsoho ne.

Mu zo ga 60 ɗin da ta tsaya cak. Daga yadda kika ba da labari, ina kyautata zaton lissafin bai ɓace ba. Wata shida na farko bayan kammala karatu hutu ne da ake ba kowa, ba a biya, ba a kuma ƙirga shi. To biyanki ya fara wajen tsakiyar 2019. Lokacin korona, daga Maris na 2020 har kaka ta 2023, an dakatar da biya, amma an ƙirga wa ma'aikata irinki waɗannan watannin kamar kun biya. Daga tsakiyar 2019 zuwa tsakiyar 2024 shekara biyar ke nan, wata 60. Abin da ya faru a tsakiyar 2024 kuwa shi ne kotu ta dakatar da tsarin biya mai suna SAVE bayan wasu jihohi sun kai ƙara, aka ajiye miliyoyin mutanen da ke cikinsa a wani hutun dole. Ba a nemi ko sisi a wurinsu ba, amma watannin ba su shiga lissafin 120 ba. Kuma tun 1 ga Agusta na 2025 ruwa ya ci gaba da hawa a kan bashin. In kin ga shekara guda da wani abu ba a cire miki komai ba, to nan kike zaune.

Maganinsa biyu ne. Na farko, ki shiga StudentAid.gov da kanki ki nemi a mayar da ke tsarin IBR, wanda ake auna biyan wata da abin da kike samu, domin lissafi ya ci gaba da tafiya. SAVE ba mai dawowa ba ne, dokar da aka sa wa hannu a Yuli na 2025 ta riga ta yanke masa wa'adi, ta kuma kawo sabon tsari mai suna RAP daga Yuli na 2026, shi ma biyansa yana shiga lissafin yafiya. Duk watan da kika ƙara a hutun nan, wata ne da kika yi aiki ba a rubuta miki ba. Na biyu, akwai damar fansar watannin da suka wuce: in kin cika wata 120 na aikin da ya cancanta, za ki iya neman a lissafa abin da ya kamata ki biya a watannin hutun, ki biya shi a dunƙule cikin kwana 90, a ƙirga miki su. Ba yanzu ake nema ba, sai lokacin ya cika, kuma layin yana da tsawo. Wata shidan farko ba sa fansuwa. Amma tun yanzu ki buɗe wani asusu ki riƙa jefa abin da da za ki biya, kada ranar ta zo ta same ki hannu wayam. In hakan ta yiwu, abin da ya rage miki bai kai shekara biyar ba.

Akwai kuma wani wurin da watanni ke maƙalewa, shi ne fom ɗin shaidar aiki. Gwamnati ba ta ƙirga watan da asibitinki bai sa hannu ya tabbatar kina aiki ba. Yaushe rabonki da aikawa? In ya fi shekara, ki ɗauko takardar W-2 ɗinki, wato wadda ke nuna albashinki da harajin shekara, a jikinta akwai lambar mai ba da aiki ta EIN, ki shigar da ita a shafin, ki tura wa ofishin ma'aikata na asibitinku su sa hannu ta intanet. Ki mayar da wannan al'ada duk shekara, ki kuma ajiye kwafi a waya da a takarda. Kamfanonin da ke riƙe da lissafin bashin nan sun sha canzawa, kuma a wurin sauyin hannu ne takardu ke faɗuwa. Duk wannan kyauta ne. Wanda ya kira ki a waya ya ce ki biya shi ya hanzarta miki yafiya, ko ya nemi kalmar sirrin shafinki, ki kashe wayar.

Yanzu batun sabon aiki. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne ba a duba irin aikin da kike yi, ana duba wanda yake biyan ki. In kamfanin nan ya ɗauke ki ya tura ki asibitin gwamnati, ko da wannan da kike ciki ne, ɗaki ɗaya, marasa lafiya ɗaya, watannin ba za su shiga ba, saboda sunan kamfani ne a W-2. Abin daɗin shi ne barin aiki ba ya goge abin da kika tara. Ba dole ba ne 120 ɗin su zo a jere. In kin tafi shekara biyu kika dawo aikin gwamnati, daga inda kika tsaya za ki ɗora. Shi ya sa na raba miki maganar biyu: barin aiki jinkiri ne, komawa banki kuwa asara ce.

Sai dai jinkirin ma yana da farashi, kuma ina so ku zauna da biro da takarda ku fitar da shi, ke da maigidanki. Ga misali. A tsarin IBR, wanda ya fara cin bashi daga Yuli na 2014 yana biyan kashi 10 cikin 100 na abin da ya haura wani ma'auni, wato layin talauci da rabinsa. A 2025 layin talauci na gida mai mutum huɗu dala 32,150 ne, da rabinsa ya zama 48,225. A ce abin da ke takardar harajinku dala 95,000 ne. In an cire, saura 46,775, kashi 10 ɗinsa 4,677 a shekara, wajen dala 390 a wata. Ko da sai kin yi sauran 60 ɗin cif, abin da zai fita daga aljihunki yana tsakanin 23,000 da 30,000, in an yi la'akari da ƙarin albashi. A hannun banki kuwa 80,000 ɗin za ki biya duka, da sabon ruwa a kai. Tazarar ta haura dala 50,000. Raba ta biyar, dala 10,000 ke nan ko fiye a kowace shekara, wadda ba haraji a kanta. Wannan wani albashi ne da kike karɓa ba ki ganin sa a takardar biya.

To ki ɗora wannan a kan albashinki na yanzu, ki haɗa da inshorar lafiyar yara, da fansho, da hutun da ake biya, da kariyar ƙungiyar ƙwadago in kina ciki, sannan ki gwada da tayin kamfani bayan an cire haraji. Ki tambaye su tsawon kwantiragin, domin irin wannan aiki sau da yawa mako 13 ne, a sabunta ko a sallama. Ki tambayi wa zai biya inshora a tsakanin kwantiragi da kwantiragi. Kuɗin nas-nas na haya ya yi tashin gwauron zabo lokacin korona, ya kuma sauko bayanta. In bayan duk wannan tayin ya rinjaya da tazara mai yawa, ba zan ce kin yi kuskure in kin karɓa ba. Amma a lissafin da kika ba ni, ina ganin zama ya fi.

Wani abu kuma da zai taimaka: yadda kuke cika takardar haraji. In kun haɗa, ana auna biyanki da kuɗinki da nasa. In kun raba, IBR naki kaɗai yake dubawa. Rabawar tana iya rage biya, tana kuma iya jawo asarar wasu rangwamen haraji, don haka ki sa mai cika muku haraji ya gwada duka biyun ya nuna miki. Kada kuma ki ƙara ko dala ɗaya a kan abin da aka yanke miki a wata. Ƙari ba ya matso da ranar yafiya, rage abin da za a yafe kawai yake yi. Wannan ƙarin ya fi amfani a Zariya.

Maganar maigidanki ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin ba maganar kuɗi yake yi ba, tsoron Allah ne da son ki. Mutumin da ya damu da yadda matarsa za ta tashi gobe kiyama ba abin raina wa ba ne. Duk mun taso da jin nauyin bashi a kan mamaci, mun ga yadda ake tsayawa a wurin jana'iza a tambayi ko akwai mai bin sa. Amma ki duba, abin da yake tsoro ya fi kusa da hanyar da ya zaɓa. Bashin karatu na gwamnatin tarayya, in mai shi ya rasu, doka ta ce a shafe shi. Ba a bin miji, ba a bin 'ya'ya, ba a taɓa gado, takardar shaidar mutuwa kawai ake kaiwa. Haka in mutum ya samu naƙasar da ta hana shi aiki gaba ɗaya. Bankunan 'yan kasuwa kuwa kowanne da ƙa'idarsa, kuma in sun sa shi ya tsaya miki a takarda, wuyansa ya shiga. Sannan komawa banki ba fita daga riba ba ce, sabuwar yarjejeniyar ruwa ce za ku ƙulla da hannunku, bayan an narkar da tsohon ruwan cikin uwar kuɗi.

Batun cin haƙƙin jama'a kuwa, ni ban gan shi haka ba ko kaɗan. Mai bin bashi yana da ikon yafe bashinsa, Alƙur'ani ma a Suratul Baƙara, aya ta 280, ya kwaɗaitar da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ya ce yafewa ta fi. A nan mai bashin da kansa ne ya gindaya sharaɗi tun kafin ki karɓa, yana rubuce a takardar da kika sa wa hannu: yi wa al'umma aiki shekara goma, ki biya gwargwadon ƙarfinki, in ɗauke miki saura. Ba roƙo kika yi ba, ba ɓoye wani abu kika yi ba. Ke ce kika tsaya a ɗakin marasa lafiya a New York a watannin Maris da Afrilu na 2020, lokacin da ake jera motocin sanyi a bayan asibitoci saboda ɗakin ajiye gawa ya cika, kina ɗaura takunkumi ɗaya kwana da kwanaki, ki dawo gida ki tuɓe kaya a bakin ƙofa don kada ki shafa wa yara. Wannan yafiyar tana cikin ladan wannan aikin. Duk da haka ni ba malama ba ce, kuma hukunci na malamai ne. Ku je tare wurin malamin da kuka amince da shi, wanda ya san zaman Amurka, ku kai masa bayanin a cike: sharaɗin shekara goma, shafewa in an rasu, da abin da banki zai nema. Kada a tambaye shi rabin magana.

In ya ce ai gwamnati na iya soke shirin gobe, ki ce masa doka ce ta Majalisa, kuma babbar dokar kuɗi ta 2025 da ta sauya tsare-tsaren biya ba ta soke shi ba. Gaskiya ne a 2025 gwamnatin Trump ta fitar da ƙa'idar da aka tsara ta ba Ma'aikatar Ilimi ikon cire wasu masu ba da aiki daga Yuli na 2026 in ta ce suna aikata abin da ya saɓa doka, kuma jihohi da birane sun kai ƙara a kai. Wannan dalili ne na ki tabbatar da watanninki a rubuce tun yanzu, ki kuma riƙa duba sunan asibitinki a shafin. Bai kai dalilin zubar da shekara biyar ba.

Saura gajiya da gida. Kin ce kin gaji, kuma ban ɗauki wannan ƙaramar magana ba. Shekara bakwai a asibitin gwamnati na babban birni ba wasa ba ne. Amma shirin bai ɗaure ki a wannan ɗakin ko wannan asibitin ba. Nas a makarantar gwamnati ta cancanta. Ƙaramin asibitin unguwa na ƙungiyar da ba ta neman riba ya cancanta, asibitin tsofaffin sojoji ya cancanta, sashen lafiya na birni ya cancanta, kuma yawancin manyan asibitocin koyarwa na New York ba na neman riba ba ne. Wasu daga cikinsu albashinsu ya fi naki, wasu kuma ba aikin dare. Kafin ki amsa kowane tayi, ki nemi lambar EIN ɗinsu ki duba. Kwana uku na awa 12 a mako ya ba ki awa 36, ya wuce sharaɗi. In jikinki ya yarda kuma dokar wurin aikinki ta bari, kina iya ɗaukar aikin kamfani kwana ɗaya ko biyu a wata, ki ware kuɗin don gini. Biyanki na wata zai ɗan ƙaru da shi, amma kaɗan ne a kan abin da zai shigo. In jikin bai yarda ba, ki bari, lafiyarki ita ce jarin gidaje biyu.

Hajiya kuwa, ki gaya mata gaskiya. Iyayenmu suna jin dala sai su ɗauka ana shara ne, ba don son zuciya ba, don ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani. Ki ce mata akwai bashin makaranta a kanki, kina kan hanyar da za a ɗauke miki fiye da rabinsa in kin yi haƙuri 'yan shekaru, kuma kina neman addu'arta. Ki yanka abin da za ki iya aikawa duk wata ba tare da kin shiga wani bashin ba, ki tsaya a kai. A fara rufa ɗaki biyu da banɗaki ta shiga, sauran ya biyo baya. Ƙannenki kuma su nemi lamunin karatu na NELFUND da gwamnatin Najeriya ta fara bayarwa a 2024 ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Ba ruwa a kansa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Wannan zai rage miki kuɗin rajista.

A wannan makon, ki aika fom ɗin shaidar aiki, ki nemi komawa IBR, ki buga shafin da ke nuna 60 ɗinki a takarda. Sai ki zaɓi daren da ba ki da aiki washegari, bayan yara sun kwanta, ki ajiye wa Baban yara takardun a gaba, ki fara da gode masa kan damuwarsa da lahirarki, sannan ki nuna masa sakin layin da ya yi maganar rasuwa. Ki bar shi ya riƙe biron ya yi lissafin da hannunsa. In kun gama, ki sake rubuto mini abin da kuka samu, musamman in adadin watannin bai tashi ba bayan asibiti ya sa hannu, domin akwai hanyar neman a sake dubawa a shafin, sai in nuna miki yadda ake bin ta.